Tsakanin Retinol Da Man Itace

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridar nan domin in yi magana a kan gardamar da ta shigo gidajenmu a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, watau ta man shafawa mai hana fuska tsufa. Waɗansu sun ce sai retinol na Turawa, waɗansu kuwa sun ce na itace ya fi, gama ba ya cutarwa. Ni malamin makaranta ne mai iyali, gardamar ta iske ni har gida, don haka na bincika.

Shi retinol wani jinsin bitamin A ne. Aikinsa shi ne ya sa fata ta riƙa sabunta kanta da sauri, ta kuma ƙara sinadarin nan kolajin da ke riƙe ta, sai tamoji ya ragu. Wansa mai ƙarfi, tretinoin, hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da shi don ƙurajen fuska a 1971, sa'an nan don tamoji a 1995. Saboda haka amfaninsa tabbatacce ne. Amma fa yana da sharuɗɗa. Ya kan busar da fuska, ya sa ta raɗaɗi da saɓa, ga shi kuwa baƙar fata irin tamu in ta ji ciwo ta kan bar baƙin tabo mai daɗewa. Ku duba hunturunmu, tun daga Disamba har Fabrairu, lokacin da leɓe ke tsagewa ko ba a taɓa shi ba. Abin da ya fi duka nauyi, likitoci sun hana mai juna biyu shafa shi, domin magungunan danginsa da a ke sha suna nakasa ɗan tayi.

Na itace kuwa iri biyu ne a wurinmu. Na fari shi ne man kaɗe, wanda kakanninmu su ka sani. Yana tausasa fata, yana maganin kaushi da faso, ba shi da tsada. Sai dai ba ya aikin retinol. Tamojin da ya zauna, man kaɗe ba ya tashinsa. Na biyu shi ne bakuciyol, wanda a ke cirowa daga irin wani tsiro na ƙasar Indiya mai suna babci. A 2019 wata mujallar likitocin fata ta Ingila ta buga gwajin da aka yi a kan mutum 44 har mako 12. Aka tarar shi da retinol duka sun rage tamoji da tabo kusan daidai, amma masu retinol sun fi kukan raɗaɗi da saɓa. Labari ne mai daɗi, sai dai mutum 44 ba su kai cikin aji guda na makarantarmu ba, ba a gwada su da shekaru masu yawa na binciken retinol.

Jama'a, kada kalmar nan "na itace" ta ruɗe mu. Zaƙami ma tsiro ne. Ɗanyen man babci, wanda ba a tace ba, yana da wani sinadari da ke ƙona fata in rana ta buge ta. Haka kuma akwai kwalabe a kasuwa masu hoton ganye a goshi, alhali cikinsu man bilicin ne mai ɓata fata, har ya taɓa ƙoda in akwai zaiba a ciki. Wanda ba shi da lambar NAFDAC, ku bar shi ga mai shi. Araha ba ta ado.

Ga yadda mu ka daidaita a gidana. Ƙanwata mai juna biyu ta tsaya a kan man kaɗe, ta ajiye sauran sai bayan yaye, in likita ya yarda. Uwargida, wadda ta gama haihuwa, ta ɗauki retinol mara ƙarfi: misalin ƙwayar wake, da dare kaɗai, sau biyu a mako, ta bi shi da man kaɗe, in hunturu ya tsananta ta dakata. Ta san ba a ganin sakamako sai an yi wata uku ko fiye.

Amma babban mai tsufar da fuska a ƙasar nan rana ce. Wadda ta shafa retinol da dare, ta wuni a rana ba malafa, ba lema, ba man kariyar rana, ta zuba ruwa a rariya. Rigakafi ya fi magani. Ina kira ga malamai 'yan'uwana da ma'aikata, mu da ke iya karanta rubutun jikin kwalba, mu karanta wa matanmu da 'ya'yanmu kafin su shafa. Allah ya ba mu tsufa mai albarka, amin.

Wasalam.

Naka,
Wani malamin makaranta, Shema.