Wuta a Cikin Taɓon Fadama

Fadan Kagoma,
Ƙaramar Hukumar Jama'a.

Aminina Danladi,

Mu nan lafiya lau, sai dai manoman citta har yanzu ba su gama farfaɗowa daga cutar da ta afka mata a 2023 ba.

Kai, na ga abin mamaki da idona! Ɗan ƙanwata da ke karatu a Kafanchan ya ɗebo baƙin taɓon fadama, mai warin nan, ya zuba a bokiti. Ya ɗaura wa gawayi waya ya binne a ƙasan taɓon, ya ɗora wani a saman ruwa inda yake shan iska. Bayan 'yan kwanaki ma'aunin lantarki ya motsa. Ashe ƙwayoyin bakteriya ne ke cin ruɓaɓɓen ganye can ƙasa inda babu iska, suna juye lantarki a jikin gawayin, lantarkin kuma ya bi waya ya hau. Bokiti ɗaya bai kai volt guda ba, sai da ya haɗa huɗu ƙaramin ƙwan fitila ya yi ja. Na daɗe a tsugune ina kallonsa.

Yaron ya ce abin tsoho ne. Tun 1911 wani masanin tsirrai, Potter na Jami'ar Durham ta Ingila, ya gano shi. Akwai ma irin da ake yi da sinadarin enzayim, kamar batirin sukari da Sony ya nuna a 2007, amma shi enzayim yana saurin lalacewa, bakteriya kuwa hayayyafa suke yi.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne na masana a Bristol, da suke ciyar da bakteriyar da fitsari. A 2017 sun kai shi wata makarantar 'yan mata a Kisoro ta Yuganda, ya haska banɗaki da dare. Ka tuna yadda yaranmu ke lallaɓawa zuwa masai cikin duhu da damina, ga tsoron maciji. Ga kashin dabbobi jibge a kasuwar Katsit, ga ruwan rogo muna zubarwa a banza, alhali duk abincin ƙwayoyin nan ne.

Ba zai ja firji ba, bai kuma kama ƙafar sola ba. Amma fitilar masai ɗaya ta isa a yi wahala dominta.

Don Allah in za ka zo, ka sayo mana ƙananan ƙwayayen fitila da wayar da ba ta tsatsa. A gaida Maman yara.

Naka,
Bulus