Malamin Kimiyya Na Ƙauye Da Ladan Aikinsa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in ba 'yan'uwana ma'aikata labarin wani malami, ko da yake ba mutumin ƙasarmu ba ne.

Sunansa Peter Tabichi, mutumin Kenya, ɗan ɗariƙar Faransis ta Katolika. Ya bar wata makarantar kuɗi, ya koma koyar da lissafi da kimiyya a sakandaren Keriko, cikin ƙauyen Pwani na lardin Nakuru, inda fari ya yawaita. Kwamfuta ɗaya tak makarantar ke da ita a lokacin, malami guda kuwa yara 58 ke kansa, waɗansunsu sai sun taka kilomita 7 kafin su iso aji. Kashi 80 cikin ɗari na albashinsa matalauta yake ba. Duk da haka almajiransa suka ƙera wani abin awo domin makafi da kurame, makarantar ta zo ta fari cikin makarantun gwamnati a gasar kimiyya ta ƙasarsu a 2018. A watan Maris 2019 aka zaɓe shi daga cikin malamai wajen 10,000, aka ba shi kyautar dala miliyan ɗaya a Dubai. Abin da na fi riƙewa cikin labarinsa shi ne, ran da babu makaranta ya kan bi manoma yana nuna musu irin shukar da ke jure fari.

To jama'a, ku dubi namu. Daga Dawakin Tofa har Ɗambatta gona na manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta, taki ne ke riƙe da ita. Wa ya fi mu bukatar mai sanin ƙasa da iri? Tun 1977 Gwamnatin Kano ta buɗe makarantun kimiyya biyu, Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, likitoci da injiniyoyi da dama sun fito cikinsu. A wurin taro likitan ake wa kirari, wanda ya fara koya masa riƙon ma'auni kuwa ko tabarma ba a shimfiɗa masa.

Ni akawu ne, takardun neman aiki su kan biyo ta hannuna, na kan ga malaman kimiyya suna neman kujera irin tawa, watau su ajiye alli su kama fayil. Malamin da ya koya mini a makarantar mishan, wanda ya kife kwalba bisa kyandir ya nuna mana yadda wuta ke mutuwa in ta rasa iska, yau awon hatsi yake yi a kasuwa. Ban ga laifinsa ba, iyali ba su cin yabo, balle ma yabon babu.

Roƙona ga hakimai da attajirai da tsofaffin ɗalibai shi ne, kowace gunduma bayan kaka ta zaɓi malami guda, a kira shi ƙofar hakimi a gaban jama'a, a ba shi riga da buhunan gero, sa'an nan a aiko da sunansa jarida. Ina so malamai su amsa mini ko wannan zai yiwu.

Haza wassalam.

Naka,
Wani Akawu, Ɗambatta.