Lissafin da ke kwance a dajin sabara

"Mushe, wannan lissafin me zai yi mana?" Duk wanda ya riƙe alli ya sha wannan tambaya. Ni dai amsar "zai fito a jarrabawa" ba ta ƙosar da ni, balle yaro.

Abin da nake yi yanzu shi ne in zuba man gyaɗa da ruwa a kwalba, in girgiza, in ajiye a kan tebur. Ƙananan ɗigon mai sai su riƙa haɗewa suna girma, har kowa ya koma gefensa. A 1958 wasu masana biyu a Amurka, Cahn da Hilliard, suka rubuta lissafin irin wannan rabuwa. Su gaurayen ƙarafa ne ya dame su, amma ƙa'idar ta hau kan mai da ruwa ma.

Wanda ya fi burge ni shi ne Alan Turing na Ingila. A 1952 ya nuna a takarda cewa sinadarai biyu da aka gauraya sumul za su iya fitar da zane da kansu. Sharaɗin: ɗaya yana ƙara kansa a inda yake amma yana bazuwa a hankali, ɗayan yana danne shi kuma ya fi shi saurin bazuwa. Sai a samu layi-layi ko ɗigo-ɗigo, ba tare da hannun mai zane ba. Turing ya rasu a 1954, sai a 1990 aka ga zanen nasa ƙuru-ƙuru a wani ɗakin gwaji a Bordo, ƙasar Faransa.

To, mu a Nijar ba sai mun je Bordo ba. A kan tuddan da ke kewayen Yamai akwai daji wanda idan aka hango shi daga sama, layin geza da sabara ne, sai fako, sai wani layin. Ba wanda ya shuka su haka. Ruwan sama ba ya shiga fako, gangarawa yake yi har ya tarar da itatuwa, inda saiwoyi da ganye suka sassauta ƙasa, sai ya nutse. Itace na taimakon na kusa da shi, yana kuma ƙwace ruwan na nesa. Kusan sharaɗin Turing ke nan, kuma a 1999 Klausmeier ya rubuta shi da ma'auni biyu kacal: yawan ruwa da yawan tsiro.

Ga inda abin ya shafi tuwonmu. Lissafin ya ce idan damina ta yi ta raguwa, layukan za su ƙara nisa da juna, kuma akwai iyakar da in an wuce ta, dajin zai iya mutuwa gaba ɗaya, dawowarsa kuma da wuya ko ruwa ya ɗan ƙaru. Daga irin wannan daji ne ake saro itacen girkin Yamai, kuma duk layin da aka sare, ruwan da yake tarewa wucewa zai yi, ya tafi da ƙasa.

Hoton wurin yana nan a Google Earth. Wayar salula ɗaya ta isa a zagaya da ita aji, yara su ƙirga layukan, su auna tazarar da ke tsakaninsu.