Jemage Ɗan Wane Gida Ne?

'Yan'uwana marubuta, duk wanda ya ɗauki alƙalami zai ƙaga wata duniya ta kansa, to akwai aikin da ke gabansa tun kafin ya raɗa wa jarumi suna, wato ya san halittun da ke cikin duniyar nan tasa, wa ke sama da wa, wa ke cin wa, kuma wa ke jin maganar wa. Na karanta rubuce-rubucen matasa da dama masu ɗauke da dodanni da macizai masu fukafukai, sai na tarar kowace halitta tana yawo ita kaɗai, ba dangi ba ubangida, kamar baƙon da aka sauke a tasha da tsakar dare. Shi ya sa labarin ba ya zama a zuciya.

Masana kimiyya suna da nasu tsarin. A shekarar 1735 wani mutumin Suwidin mai suna Liniyas ya wallafa littafin da ya jera halittu hawa-hawa, daga masarauta zuwa aji, zuwa sahu, zuwa dangi, har zuwa iri. Shi ƙirar jiki yake dubawa: haƙora, ƙafafu, da ko uwa tana shayarwa. Amma duniyar ƙage ba dole ba ne ta bi wannan ma'auni, kuma mu Hausawa mun gaji namu a cikin tatsuniya.

A wajen kakata, a wani ƙauye kusa da Kademi cikin ƙasar Gaya, na fara jin wannan tsari, ko da yake ita ba ta taɓa kiransa tsari ba. Hawa na farko shi ne mazauni: akwai bisashen gida, akwai namun daji, akwai tsuntsaye, akwai 'yan ruwa. Hawa na biyu sarauta ce, kamar dai yadda muka saba da sarki da hakimi da dagaci da mai unguwa. Zaki shi ne sarki, giwa da ɓauna manyan fada, dila malamin daji, su zomo da kurege kuwa talakawa masu rayuwa da dabara. Hawa na uku hali ne. Kura ko a wace tatsuniya ta fito, kwaɗayi da tsoro ne suke jan ta, shi ya sa da an ambace ta yara sun san za a yi abin kunya.

Ku dubi Gizo da matarsa Ƙoƙi. A wajen masana, gizo-gizo ƙafa takwas gare shi, ƙoƙi-ƙoƙi kuwa shida, saboda haka ajinsu ma ba ɗaya ba ne. Amma tatsuniya ta ɗaura musu aure, kuma ba yaron da ya taɓa yin gardama, domin a can hali ake aura: shi mai wayo da haɗama, ita mai haƙuri da faɗin gaskiya.

Inda tsarin ya fi nuna ƙarfinsa shi ne wajen wanda ya ƙi shiga ko'ina. Kakata takan ba mu labarin jemage, wanda in tsuntsaye suka zo karɓar haraji sai ya nuna haƙora ya ce shi dabba ne, in dabbobi suka zo sai ya buɗe fukafukai. Ranar da ya mutu aka rasa mai binne shi. Shi kansa Liniyas jemage ya ba shi aiki, don a bugun 1758 sahu ɗaya ya sa shi da birai da mutane, sai daga baya masana suka ware masa nasa. Da babu iyaka tsakanin tsuntsu da dabba, da wannan labari bai samu ba. Ashe iyakar ita ce take haifar da rikici, rikici kuwa shi ne abincin labari.

Magabata a wasu ƙasashe ma sun gane haka. A ƙarni na 10, malaman Basra da ake kira Ikhwanus Safa sun rubuta labarin ƙarar da dabbobi suka kai 'yan Adam gaban sarkin aljanu, inda suka kasa dabbobin jinsi-jinsi, kowane jinsi da sarkinsa da wakilin da zai yi magana da yawunsa. A gida kuma, Umaru Dembo ya kai mu sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, ya nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar duniyar da ido bai taɓa gani ba.

Abin da ke damuna shi ne kayan aikin suna zubewa. Na taɓa zama da wani tsohon maharbi a yankin Toranke ta Ajingi, ya yi ta jero mini sunaye: gwanki, mariri, kanki, gada, barewa, yanyawa, tunku, kowanne da inda yake kwana da abin da maharba suke tsoro game da shi. Dajin da ya san su a ciki ya zama gonaki, jikokinsa kuwa duk barewa suke ce musu. Marubucin da barewa kaɗai ya sani, da me zai cika fadar zaki?

Saboda haka shawarata ga masu tasowa ita ce, a nemi Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya a karanta, sannan a je a durƙusa gaban tsofaffi da maharba da masunta da littafin rubutu a hannu. In an dawo, a zauna a tsara halittun duniyar da za a ƙaga, a ba kowa gidansa da matsayinsa, a kuma bar wa jemage gurbinsa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, amin.