Maganaɗisu mai kaurin atam uku

Tunda aka ji taken furojet ɗina ake ta tambayata: wai me ake ci da wannan? Bari in amsa gaba ɗaya.

Kowane ilektiron yana da caji, yana kuma da abin da ake kira sifin, wato kamar ɗan ƙaramin maganaɗisu mai kallon sama ko ƙasa. Sifintironiks shi ne a adana bayanai da wannan sifin ɗin. Tsohon zance ne: a 1988 Albert Fert da Peter Grünberg suka gano abin da daga baya ya ba faifan ajiyar kwamfuta damar ɗaukar bayanai masu yawa.

Sabon labarin ya zo a 2017, lokacin da masu bincike a Amurka suka ɓare sinadarin CrI3 har ya koma shimfiɗa ɗaya mai kaurin atam uku, suka tarar yana nan da maganaɗisunsa. Abin da ya kama ni shi ne: ka ɗora biyu, sifin ɗin ta sama da na ta ƙasa su juya wa juna baya, ƙarfin ya ɓace. Ka ƙara ta uku, ya dawo. Wallahi ranar da na fahimci wannan ban yi barci da wuri ba.

Matsalar ita ce sanyi. Shimfiɗa ɗaya sai a digiri 228 ƙasa da sifili take aiki, wayar wa za ta kai can? Shi ya sa ake ta neman yadda za a juya halinta, ko da lantarki, ko a miƙe ta, ko a matse. A 2018 wasu a Jami'ar Fudan ta ƙasar Sin suka kai Fe3GeTe2 har zafin ɗaki.

Ni matsewar nake yi, amma a lissafi. Ba mu da injin gwada wannan, sai laftof da manhajar Quantum ESPRESSO, wadda kyauta ce. In rage tazarar atam kaɗan, in duba wane tsarin sifin ya fi zama daram. Lissafi ɗaya kan cinye dare, in aka ɗauke wuta batir ya mutu kuma sai haƙuri.

'Yan aji uku na fiziks da ke cewa ba lab ba furojet, musamman ku nake wa magana. Ina ɗakin karatu na sashenmu ranar Asabar bayan La'asar. Ku zo da filasha.