Mai Gadin Ƙofar Kwamfuta

Mutane da yawa suna zaton sata kaɗai ce ɓarna. Ni kuwa a ganina wanda ya tare maka hanya ya cuce ka, ko da bai taɓa anininka ba. Ga misali daga sha'anin kwamfuta.

Idan ofisoshi biyu suna nesa da juna, suna kuwa so su yi magana ta intanet ba tare da wani ya saurara ba, sai su buɗe wata ɓoyayyiyar hanya tsakaninsu, wadda a ke kira VPN. Amma kafin hanyar ta buɗe, tilas kwamfutocin biyu su gaisa, su san juna, sa'an nan su shirya mabuɗin asirin da za su kulle maganarsu da shi. Wata ƙa'ida mai suna IKE, wadda aka tsara a 1998, ita ce ke tafiyar da wannan musayar mabuɗi. Manhajar da ke aikin nan, ɗauke ta kamar mai gadi a zaure.

To, ga wuyar aikinsa. Ba shi da halin sanin baƙo sai ya saurare shi. Saboda haka duk wanda ya yi sallama a ƙofarsa, watau ƙofa mai lamba 500, masoyi ne ko maƙiyi, tilas mai gadi ya karɓi takardarsa ya karanta.

A 2005 waɗansu masana na Jami'ar Oulu, a ƙasar Finlan, suka ce bari su jarraba masu gadin nan. Suka shirya dubban wasiƙu masu karkataccen tsari da gangan, suka yi ta miƙa musu. Abin mamaki, da yawa suka kasa. A cikin Solaris 9 da 10, watau babbar manhajar kamfanin Sun mai tafiyar da kwamfuta, mai gadin ya karanta wasiƙa ya faɗi sumamme. Kayan Cisco da na Juniper ma an sami rauni a cikinsu.

Lura, mai karatu, faɗuwar mai gadi ba ta buɗe taska ba. Amma mabuɗin nan a kan sake shi lokaci lokaci, in kuwa babu mai sakewa, sai hanya ta toshe. Reshe ya kasa kaiwa ga babban ofis, aiki ya tsaya, mai jiran biya ya koma gida hannu wofi.

Kamfanonin sun fitar da gyara, amma maganin da ya ke cikin kwalba ba ya warkar da kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kai da Allah ya ba ka karatu, in wayarka ko kwamfutar wurin aikinka ta nemi a sabunta manhajarta, karanta saƙon, ka tabbata daga masu ita ya fito, kāna ka yi ba da jinkiri ba. Allah ya tsare mana ƙofofinmu, amin.