Raƙumin Dawa da Gyare

Cikin littattafan hotuna da na taɓa karanta wa yara, akwai wani da na fi so. An buga shi a Ingila cikin shekarar 1999. Giles Andreae ne ya rubuta shi cikin waƙa, Guy Parker-Rees kuwa ya zana hotunan. Sunansa Giraffes Can't Dance, watau wai raƙuman dawa ba su iya rawa ba. Ku lura, yara, sunan nan maganar masu ba'a ce, littafin kuwa ƙaryata ta ya ke yi.

Labarin wani raƙumin dawa ne mai suna Jeral, dogo, mai siraran ƙafafu da karkatattun gwiwoyi. Kowace shekara namun daji su kan taru su yi bikin rawa. Zakoki suka yi tasu, karkanda da gadu da birai suka yi tasu. Da Jeral ya fito fili, tun bai ɗaga ƙafa ba sai aka bushe da dariya. Ya tsaya cik kamar an dasa shi, sa'an nan ya sunkuyar da kai ya bar wurin.

Nan ne na kan dakata in tambayi yara, me ya hana shi rawa? Da yawa su kan ce ƙafafunsa. Ni dai ban yarda ba. Raƙumin dawa na gaske ya kan kai mita 5 tsawo, ya na tafiya irin ta raƙumin gida, ƙafafun dama tare, na hagu tare, in kuwa ya zabura ya kan yi gudun kilomita 50 a sa'a guda. Ƙafafu irin waɗannan ba su rasa ƙarfi ba. Dariyar ce ta ɗaure su, domin ya ji ta har ya gaskata.

Cikin daji ya gamu da wani ɗan gyare. Abin da ya ƙayatar da ni game da gyaren nan shi ne bai yi masa daɗin baki ba, bai kuma zagi masu dariya ba. Ya sa shi ya saurari iska cikin ciyawa da itatuwa, ya dubi wata, sa'an nan ya ɗauki gogensa ya fara kiɗa. Dā ma Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa sai ta sake. Jeral ya fara rausaya, ya yi juyi, har ya yi tsalle ya wuntsila a sama.

Na taɓa samun wani yaro a ajina mai i'ina. In an ce ya tashi ya yi karatu, sai 'yan baya su fara ƙyaƙyata, kalma ta maƙale masa. Amma ran da na same shi bayan an tashi, ya na karanta wa ƙanensa littafi a gindin darbejiya, ya yi shafi biyu bai sarƙe ba sai sau ɗaya. Tun daga ranar na kan sa shi ya karanta wa mutum ɗaya tukuna, sa'an nan uku, kana aji duka.

A ƙarshen littafin dabbobin sun dawo sun kewaye Jeral su na yabo. Yara sun fi son wannan shafi. Ni kuwa na fi daɗewa a kan wanda ke gabansa, inda ya ke rawa cikin farin wata, ba mai kallo sai gyare.